Tambari ɗaya, mota biyu: ta Turai daban, tamu daban

1/ Jama'a, mu daina cewa "ai Nissan Nissan ce" ko "Toyota Toyota ce". Kamfani ɗaya yana ƙera mota mai suna ɗaya, ya kai wa Turai mai ƙarfi, ya kai wa masu raunin doka wadda aka rage wa ƙarfe. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama.

2/ Bari in fara da bambancin da ba ni da ja a kansa, don kar a ce na yi kuɗin goro. Akwai na hanya: Japan, Ingila, Indiya da Afirka ta Kudu sitiyarinsu a dama yake. Mu ma a hagun titi muke tuƙi kafin Afrilun 1972 da Najeriya ta koma dama. Wannan ba zalunci ba ne.

3/ Akwai na yanayi. Motar da aka yi wa ƙasashen Larabawa na Gulf tana zuwa da lagireto da AC masu jure zafi da ƙura. Ta Kanada kuma kujera ce mai ɗumama jiki da tanadin ƙanƙara. Ɗan Maiduguri ko Agadas ya san wacce ta fi masa amfani a watan Afrilu.

4/ Akwai na haraji. Kun taɓa tambayar me ya sa ba a sayar da sabuwar Hilux a Amurka? Tun 1964 suka ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su, a rikicinsu da Turai kan cinikin kaji. Shi ya sa can Tacoma suke hawa.

5/ Japan kuma tana da 'yan ƙananan motoci da injinsu bai wuce cc 660 ba, saboda harajinsu da sauƙi kuma wurin ajiye mota tsada gare shi. Duk wannan kasuwa ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ba a nan faɗana yake ba.

6/ Faɗana yana inda ake rage abin da ke ceton rai. A 2016 ƙungiyar Global NCAP, mai gwajin ƙarfin motoci, ta haɗa motocin Nissan biyu suka yi karo gaba da gaba. Ɗaya Versa ta kasuwar Amurka, ɗaya Tsuru ta kasuwar Meziko. Kowacce ita ce mafi araha a irinta a ƙasar da ake sayar da ita.

7/ Versa ta buɗe balan-balan ɗinta na kariya, wanda makanikai ke kira iyabag, ɗakin direba bai rushe ba. Tsuru ba ta da iyabag ko ɗaya, ta murƙushe kamar gwangwanin madara. Zubin farkon shekarun 1990 ne ake ta sayarwa a matsayin sabuwa. Sai a 2017 aka daina ƙera ta.

8/ Kar ku ce ai Meziko ce, ina ruwanmu. A 2018 an gwada Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa a Afirka ta Kudu, an buga ta a gudun kilomita 64 a awa. Ta fuskar kare manya, tauraro ko ɗaya ba ta samu ba cikin biyar. Sifili. Kuma tana da iyabag fa, bodin ne ya kasa.

9/ A 2020 sai aka haɗa sabuwar NP300 ta Afirka, ƙirar 2019, da Navara ta Turai, ƙirar 2015, wadda har an yi amfani da ita. Tsohuwar Turai ta kare direbanta. Masu gwajin suka ce da mutum ne a cikin sabuwar tamu, da wuya ya rayu. Gwanjonsu ta fi sabuwarmu dal. Bidiyon yana nan a YouTube.

10/ To me ya kawo haka? Doka. A Amurka iyabag biyu na gaba dole ne tun ƙarshen shekarun 1990. Na'urar ESC, wadda ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya don kar mota ta ƙwace a kwana, ta zama dole can daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Kamarar baya dole ce a Amurka tun 2018.

11/ Inda doka ta tilasta, kamfani yana sa su a mota mafi araha. Inda doka ta yi shiru, sai su zama kayan alatu, a ce sai ka sayi "ful ofshin". Kai kana ganin gata aka yi maka, alhali ɗan makarantar da ya sayi mota mafi arha a Jamus da su ta zo masa.

12/ Na san amsar da za a ba ni: "Talaka ba zai iya saye ba, sai an rage farashi." Haba. Mu duba Indiya, ita ma kasuwar masu neman araha ce. A 2014 an gwada motocinsu masu farin jini guda biyar, har da Tata Nano da Alto 800 da Polo, duka suka ci sifili.

13/ Abin ya zama abin kunya a jaridu. Nan take Volkswagen ta sa iyabag biyu a duk Polo da take sayarwa can. Daga baya gwamnati ta mayar da iyabag biyu na gaba dole, a 2023 kuma ta kafa nata shirin gwajin, Bharat NCAP. Yau Tata da Mahindra da taurari biyar suke talla. Kasuwar ba ta mutu ba.

14/ Ma'ana, da ma za su iya. Ba a tambaye su ba ne. Kamfani ba kawunka ba ne, lissafi yake yi: idan ya cire abin dala ɗari daga mota dubu ɗari, ya tsira da dala miliyan goma. Wanda zai hana shi shi ne mai riƙe da doka a ƙasar da za a sauke motar.

15/ Mu zo kan mai, don a nan ma mun ba su hujja. Turai ta rage sinadarin salfa a fetur da dizal zuwa ppm 10 tun 2009. Rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan a 2016 ya nuna 'yan kasuwar Turai na haɗa mai mai datti musamman don Afirka ta Yamma. Lokacin ƙa'idar Najeriya ta yarda da ppm 3,000 a dizal.

16/ Injin zamani da matatar hayaƙinsa ba sa jure irin wannan man, toshewa suke yi. Sai kamfani ya ce to ga tsohon inji, shi ya dace da ku. ECOWAS ta amince da ppm 50 a 2020. Takarda ta yi kyau. Ku tambayi hukuma sau nawa ta auna man gidan man unguwarku ta faɗa wa jama'a sakamakon.

17/ Wani zai ce, "Mu ai Belgium da Kwatano muke saye, ta Turawan ce ke zuwa mana." Gaskiya ne. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga 2015 zuwa 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, Afirka ce kan gaba wajen karɓa.

18/ Amma a wane hali suke isowa? Da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka ake sayo su, waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye. Iyabag ya riga ya fashe, a ɗinke murfin sitiyari, a kashe wutar gargaɗi a dashbod, a fesa fenti, a ce maka "ba ta taɓa komai ba".

19/ Sai "indomi", matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinom, shi ya sa ake yanke ta a sayar. Ana cirewa tun kafin mota ta taso, ana cirewa a garejinmu. Hayaƙin da ya kamata ta tace, yaran da ke talla a danja ne ke shaƙarsa.

20/ Mu ma masu saye sai mun gyara. Ka je wurin dila ka saurari tambayoyinmu: allon taɓawa, rim, kujerar leda, rufin gilashi, sautin sifika. Wa ke tambayar iyabag nawa ne? Wa ke duba ko wutar ABS tana kamawa ta mutu idan an kunna mota? Dila yana kawo abin da muke tambaya ne.

21/ Kuma lissafin rayuka ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara, duk da mu ne muka fi ƙarancin motoci.

22/ E, akwai gudu, lodi fiye da kima, ramuka da tuƙin dare. Ban wanke direba ba. Amma direban Jamus ma yana kuskure. Motarsa an gina ta da sanin zai yi kuskuren, shi ya sa yake fitowa da ƙafarsa. Kuskure iri ɗaya a hanyar Kano zuwa Zariya sai a yi zaman makoki.

23/ Kafin ka biya kuɗi: nemi lambar shasi mai harufa da lambobi 17, wato VIN. Idan ta fara da J Japan aka ƙera ta, 1, 4 ko 5 Amurka, W Jamus. Bincika tarihinta a intanet. Kunna mota ka ga wutar iyabag ta kama ta mutu. Kai makaniki mai kwamfuta ya duba. Dilan da ya hana, bar masa kayarsa.

24/ Ga SON, NADDC, FRSC da Kwastam, da takwarorinsu na Nijar da Gana, tambaya ce mai sauƙi: wace ƙa'idar karo ce mota za ta cika kafin ta shigo, kuma wa ke dubawa a tashar jirgin ruwa? Ku wallafa mu gani. Iyabag biyu, ABS da ESC su zama sharaɗi ga kowace sabuwar mota.

25/ Indiya ta matsa, kamfanoni suka bi. Meziko ta ji kunya, Tsuru ta tafi. Babu kamfanin da ya canja don tausayi. Ku tura wa ɗan majalisarku wannan zaren, ku tura wa wanda kuka san yana tara kuɗin mota. Dilolin da ke nan kuma, ga fili, ku zo ku ƙaryata ni da hujja.