Daga Ɗakin Karatu: Littafin Da Aka Cire Wa Fitowa

Akwai waɗansu mutane a Turai da Amurka da ba su da abin sha'awa kamar tara tsofaffin littattafai a kan bauta, watau labarin cinikin bayi da dokokin da aka kafa a kansu. Sukan yi shekaru suna bin kantuna da wuraren gwanjo, su zuba kuɗi a kan ɗan littafin da takardunsa suka yi ja don tsufa. Wataƙila wani zai ce, ina amfanin adana abin kunya, ba gwamma a bar wa gara ba? Mu dai ba mu ga haka ba. Ga dalili.

A shekara ta 1807 aka buga wani littafi a Landan domin bayin da ke noman rake a tsibiran Karebiyan na ƙarƙashin Ingila, irin su Jamaika. Wata ƙungiya mai koya wa bayi addinin Kirista ce ta sa aka buga shi, aka ce zaɓaɓɓun sassa ne na Littafi Mai Tsarki. Namu yana da sura 1,189, wannan kuwa 232 kaɗai. Labarin Yusufu yana nan, bawa mai aminci a gidan Fotifar. Amma daga Farawa 45 sai aka yi tsalle zuwa Fitowa 19. Ku buɗe naku ku ga abin da ke tsakani: kukan Isra'ilawa a Masar, da Musa a gaban Fir'auna, da annoba goma, da hayewar teku. Bawa mai karatu sai kawai ya tarar da jama'a a gindin Dutsen Sina'i suna karɓar doka, ba wanda ya gaya masa yadda suka kuɓuta. Afisawa 6:5 mai zancen biyayyar bayi an bar ta, Galatiyawa 3:28 mai daidaita bawa da ɗa cikin Almasihu an cire. Wahayin Yahaya kuwa babu shi ɗungum.

Tsoro ne ya riƙe almakashin. Shekara uku kafin nan, a 1804, bayin Haiti suka gama korar Faransawa suka kafa ƙasarsu, masu gonakin rake kuwa ba su so nasu bayin su ji labarin Musa. Abin da ya fi mana ciwo shi ne, masu kiran sunan Ubangiji ne suka yi wannan aiki.

Sa'ad da aka baje littafin a wani gidan tarihi a Washington a 2018, kwafi uku kaɗai aka san da su: ɗaya a Oxford, ɗaya a Glasgow, ɗaya a Jami'ar Fisk ta Nashville, makarantar da aka kafa a 1866 domin 'yantattun bayi. Da ukun nan sun ɓace, wa zai gaskata mu yau?

Littattafan doka ma haka su ke. Dokar bayi ta sarkin Faransa ta 1685 tana da sashi 60. Na 2 ya ce a yi wa bawa baftisma, na 44 ya lissafa shi cikin kayan da a ke ɗauka a raba gado. A Virginia kuma, tun 1667 aka rubuta cewa baftisma ba ta 'yanta kowa. Mai musu yana iya ƙaryata tsohuwa, amma takarda mai ɗauke da shekara da sunan maɗaba'a ta fi ƙarfin gardama.

Duk da haka ba kowane mai tarawa mu ke yaba wa ba. Wanda ya kulle irin waɗannan a akwatin ƙarfe yana jiran su yi tsada, ciniki ya ke yi da hawayen mutane karo na biyu. Wanda ya burge mu shi ne Arturo Schomburg, baƙar fata haifaffen Puerto Rico, ma'aikacin banki a New York, wanda ya riƙa kashe albashinsa a kan littattafai. A 1926 aka sayi tarinsa dala 10,000 aka sa a laburaren jama'a a unguwar Harlem, inda kowa zai shiga ya karanta.

Mu ma nan ba baƙi ba ne ga zancen. Dorugu, yaro Bahaushe da aka kama bauta tun yana ƙarami, ya bi Barth har Ingila, ya ba mai bishara Schön labarinsa da Hausa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. A ƙasar Arewa, dokar 1901 ta ce yaran da aka haifa daga Afrilun shekarar 'ya'ya ne, bauta kuwa ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1936. Ashe kakannin waɗansunmu sun gani da idonsu.

Saboda haka in akwai takardar fansa, ko tsohon littafin baftisma, ko wasiƙar ajami a adakar kaka, kada a ba yara su ƙunshe ƙosai. A raba ta da danshi da gara, kada a manna mata gam, a ɗauki hotonta. Gidan adana takardun gwamnati da Arewa House duka suna Kaduna, ga mai neman shawara.