Inci Biyu Sun Isa: Magana Kan Yayin Ɗaga Mota



Duk mai zirga-zirga a garuruwanmu ya lura da yayin da ake yi na ɗaga mota. Hilux ce, ko Prado, ko Land Cruiser, sai a kai ta gareji a cire sifirin da shakazoban da kamfani ya sa mata, a ɗaura waɗansu masu tsawo, a ƙara manyan tayoyi, ta fito da tsayin da sai mai hawa ya tattare riga. Idan ka tambaya, amsar guda ce: hanya ce ba kyau. Ba mu musun wannan. Wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye a tsakiyar Agusta, ko ya ga abin da rairayin da ke tsakanin Agadas da Dirku yake yi wa mota, ya san akwai inda ƙasan mota yake bugun ƙasa. Abin da muke cewa shi ne aikin yana da iyaka, kuma iyakar ba ta wuce inci 2, wato santimita 5, sai in za a gyara duk sauran abubuwan da ɗagawar ta taɓa. Mafi yawan abin da muke gani kuwa ya zarce haka, kuma ba a gyara komai.

Bari mu fara da abin da masu motar ba su cika sani ba. Ku leƙa ƙarƙashin Hilux ta baya, za ku ga wani dunƙulen ƙarfe kamar kabewa a tsakiyar aksil. Yana cikin abubuwan da suka fi kusa da ƙasa, kuma shi yake fara kamawa idan tayoyi suka nutse a sawun da manyan motoci suka bari. To, sifirin a kan aksil ɗin yake zaune. Ka ƙara masa tsawo yadda ka so, bodi ne zai yi sama, kabewar nan tana inda take. Taya kaɗai ke ɗaga ta. Ita ma tayar ba da yawa ba: wanda ya cire mai lamba 265/65R17 ya sa 285/70R17 ya ƙara faɗin da'irarta daga kimanin milimita 776 zuwa 831, amma rabin wannan ƙarin ne yake zama tsayi, wato bai kai santimita 3 ba. A madadin haka, allurar gudu za ta riƙa yi masa ƙarya. Tana nuna 100, shi kuwa yana kan 107. Birki zai ƙara wahala, mai zai ƙara tafiya, mota ta yi nauyin tashi.

Ɗagawar tana da amfaninta, kada a ce mun ƙi ta gaba ɗaya. Tana hana hancin mota da bayanta bugun ƙasa wajen hawa ko sauka daga kwari, tana hana cikinta zama a kan tudu, tana kuma ba babbar taya wurin juyawa.

Babbar matsalar tana wajen nauyi. Kowace mota tana da wani wuri da za a ce nan ne nauyinta ya taru, kuma gwargwadon nisansa da ƙasa, gwargwadon saurin kifewarta a kwana. Hukumar kula da lafiyar motoci a hanyoyin Amurka ta fara auna wannan don amfanin masu saye a 2001, da lissafin da ɗan sakandare zai iya: a raba tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama da ninki biyu na tsayin matattarar nauyin. Mu ƙaddara mota mai tazarar santimita 150, nauyinta a santimita 70 daga ƙasa. Amsar 1.07 ce. Idan ɗagawa da manyan tayoyi suka kai shi 78, amsar ta sauko 0.96. Idan aka lafta buhunan masara aka ɗora mutane a kai har ya kai 90, ta koma 0.83. Ƙananan motocin gida galibi suna sama da 1.3. Duk lokacin da lambar ta ragu, gudun da zai iya kifar da motar shi ma ya ragu.

Kuma kada mu ɗauka motar tana da rarar da za a ci. A 2007 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Teknikens Värld ta yi wa Hilux gwajin da ta saba yi, na kauce wa babbar dabbar da ta faɗo titi ba zato, sai motar ta ɗage tayoyin gefe ɗaya kamar za ta kife. A 2016 aka maimaita da sabuwar ƙira, a gudun kusan kilomita 60, aka sake ganin haka, har sai da Toyota ta yi wa na'urar daidaita motar gyara. Wannan fa mota ce yadda ta fito daga kamfani, a hannun ƙwararren direba, a kan shimfiɗaɗɗen titi. Mu kuma a nan akuya ce za ta gitta, ko ɗan acaɓa, ko rami a bayan kwana, ga mata da yara zaune a bayan akori-kura za su kasuwar ƙauye. Mai motar ne ya zaɓi tsayi, amma ba shi kaɗai yake cikinta ba, sau da yawa ma ba ya ciki.

Sai kuma ɓarnar da ba a gani. Hilux ta shekarun nan kowace ƙafar gaba da nata shaf, kuma an ƙera mahaɗansa don su yi aiki a wata karkata. Da an ɗaga fiye da kima, karkatar ta ƙaru, robar da ke rufe mahaɗin ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. Bol-joyin na sama ya kai ƙarshen motsinsa yana ta shan bugu. Tiyon birki ya miƙe duk sanda ƙafa ta faɗa rami. Fitila ta daina haska titi ta koma idon mai zuwa. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne wani ɗan bawul da ke bayan tsofaffin Hilux da Land Cruiser, mai auna lodi. Idan bayan mota ya zauna saboda kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan ya tashi sai ya rage. An ɗaga mota ba a gyara sandarsa ba, kullum ɗauka yake yi motar wofi ce, ko da tana ɗauke da tan guda. Direba ya taka birki, na baya ya riƙe da rabin zuciya. An gudu gara, an faɗa gidan zago.

Ostareliya ce gidan wannan sana'a. Can kamfanin ARB yake tun 1975, masu kayan Old Man Emu da ake yabo, kuma suna da hanyoyin daji masu nisan gaske. Duk da haka, a can ɗagawar milimita 50 ce aka saba da ita, kuma wanda zai yi nisa sama da iyakar da jiharsa ta sa sai injiniya ya duba ya sa hannu. Kayan nasu ma saiti ne, sifirin da shakazoba an auna su tare, ana kuma tambayar mai mota nauyin da yake ɗauka kafin a zaɓa masa. Mu kuwa a sayo sifirin ɗan Beljiyam na wata mota dabam, a bubbuge shi da guduma ya ƙara lanƙwasa, a cusa ƙarfe a ƙarƙashi, mai walda ya tsawaita abin da bai kai ba. Araha ba ta ado. Ba laifin bakanike kaɗai ba ne, domin shi abin da aka ce ya yi aka kuma biya, shi yake yi.

Akwai kuma masu ƙara ganyen sifirin don motar ta daina durƙusawa da lodi. Tana dainawa, ido ya gamsu, amma aksil da birki da taya suna nan da ƙarfinsu na da. Nauyin da kamfani ya rubuta a jikin motar bai ƙaru da kilo ɗaya ba.

Wanda hanyarsa ta tilasta masa, ya fara da taya mai kyau, ya koyi rage mata iska a rairayi, ya sa farantin ƙarfe ya kare ƙasan inji. Idan hakan bai wadatar ba, ya sayi cikakken saiti na inci 2, a yi alaimen, a duba tiyon birki da bawul ɗin baya, a saita fitila, kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, ya kuma rage gudu a kwana. Wanda kuwa iyakar tafiyarsa daga gida zuwa ofis ne a kan kwalta, ko zuwa ɗaurin aure ranar Asabar, muna roƙonsa ya bar motar nan yadda ya saye ta.