Yawan gam ba ya riƙe ƙafar jirgin roba, waya ce ke riƙewa

Duk wanda ya taɓa haɗa ƙaramin jirgin Spitfire na Airfix mai sikelin 1/72 ya san inda gizo ke saƙa: ƙafafun tayoyi. A kwashe makonni ana haɗi da fenti, hannu ya ɗan taɓa, ƙafa ta ɓalle.

Da yawa sai su ƙara gam, kuma kuskure ne. Gam irin Tamiya Extra Thin narkar da roba yake yi har ɓangarori biyu su haɗe. Idan ya yi yawa, siririyar ƙafa sai ta yi laushi ta lanƙwashe. Sufa gulu kuwa yana kamawa nan take, amma ɗan bugu daga gefe ya isa ya ɓalle shi, ga tururinsa na sa gilashin matuƙi ya yi fari.

Gara a huda ɓangarorin biyu da siririn abin huji na milimita 0.5, a zura guntuwar wayar tagulla, a ɗiga gam kaɗan. Wayar ce za ta ɗauki nauyin. Amma a fara kankare fenti daga mahaɗar, domin gam a kan fenti, fentin kawai yake riƙewa.