Filin Kwalliya: Halawar Da Ta So Ta Ɓata Mana Biki

Yau da labarin gidanmu zan fara.

Saura kwana biyu kamun ƙanwata na raka ta wani shagon gyaran jiki a yi mata halawa. Mun dawo gida lafiya lau. Wayewar gari sai ga damatsanta da ƙaurinta duk jini ya kwanta, baƙi-baƙi kamar wadda aka tsula wa bulala. Gwaggonmu na gani ta dafe ƙirji ta ce, "Ke 'yar nan, faɗa min gaskiya, wa ya dake ki?" Yarinya sai kuka, ga rigar kamu mai gajeren hannu an riga an ɗinko. Wallahi ranar ko abincin kirki ban ci ba, don ni na kai ta.

Halawa dai kun san ta: sukari ne da ruwa da lemun tsami ake dafawa har ya yi danƙo, a manna a fata a fizge gashi. A ƙarƙashin fatarmu akwai ƙananan hanyoyin jini sirara. In aka ja fatar da ƙarfi sai su fashe, jinin ya taru a ciki. Shi ne wannan baƙin shatin.

Laifin farko na hannun mai yi ne. Ƙwararriya takan danne fatar da hannu ɗaya ta miƙar da ita, sannan ta fizge halawar a kwance, dab da jiki. Wadda ta yi wa ƙanwata sama take ɗagawa, fatar na bin ta, kuma wuri ɗaya sai ta maimaita sau uku don sauri, layin amare na jiran ta.

Amma babban laifin a ɗakinmu yake. Sai da na ritsa ƙanwata ta faɗa min wata uku ke nan tana shafa man bilicin a ɓoye, wai don ta yi haske ranar biki. Da yawa daga irin waɗannan mayukan suna ɗauke da magani mai ƙarfi irin su kulobetasol, wanda likita ne kawai ya kamata ya rubuta. Yau da gobe yana sirantar da fata, har abu kaɗan ya sa jini ya kwanta, wani lokaci ma fatar ta saluɓe ta bi halawa. Asfirin da magungunan tsinka jini su ma suna sa hakan, sai dai kar ki bar maganin da likita ya ɗora ki a kai saboda kwalliya.

To ƙawata, in za ki yi halawa ki yi ta da sauran mako biyu kafin biki, don kwanciyar jini takan kai kusan haka kafin ta washe. Ki faɗa wa mai gyaran gaskiyar abin da kike shafawa, kuma a fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan. In jinin ya riga ya kwanta, kar ki gasa da ruwan zafi a ranar farko kamar yadda muka saba. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ki ɗora na minti 10 zuwa 15. In kuwa kina ganin irin wannan shati ba tare da kin bugu ba, ko dasashinki na zubar da jini, maza asibiti.

Ƙanwata dai da mayafi a kafaɗa aka yi kamu, lalle ya rufe sauran. Da na tambaye ta daga baya, ashe angon bai taɓa cewa ta yi fari ba, a baƙarta ya gan ta ya ce yana so.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Taku har kullum.