Kabon Ɗin Wa Za A Ajiye A Birnin Gwari?

'Yan'uwa ɗalibai, wani sabon yayi ya shigo, wai shi ajiye kabon a cikin ƙasa. Tun taron Faris na 2015, inda Faransa ta kawo shawarar a riƙa ƙara wa ƙasa kashi 4 cikin 1000 na kabon kowace shekara, masananmu ke ta yawo da maganar otal-otal. Ma'anarta dai tsiro ya zuƙo iskar kabon, ganye da saiwa da kashin dabba su ruɓe su zauna a ƙasa, maimakon iskar ta taru a sama ta ƙara zafin duniya.

Don Allah wannan ne sabon ilmi? Manomin Birnin Gwari da ke barin ɗorawa da kaɗanya a tsakiyar gona, ya haɗa dawa da wake, ya bar saura ta huta, ya roƙi Bafillace ya sauka masa da shanu bayan kaka, me yake yi? Mu 'yan boko muka kira shi bagidaje. Muka zo da shirin ciyar da ƙasa na 1976, muka ce masa buhun takin zamani da tarakta su ne wayewa. Mutanen Maraɗi kuwa, tun wajen 1983 suka koma renon tohon kututture, ga shi ana maganar itatuwa miliyan 200 a Nijar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ƙasa ba ta tara kabon a damina ɗaya, sai da shekaru, sai da kwanciyar hankali. Dajin Kamuku da aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, shi ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Wanda sai ya biya haraji kafin ya girbe masararsa, shi za a ce ya reni itacen da sai jikansa zai ci? Amanar manomi da makiyayi ta karye, taki ya tafi da ita. Sulhun 2024 ya buɗe kasuwar shanu, to, madalla, amma buɗe kasuwa daban, komowar amana daban.

Sa'an nan ga Dokar Ƙasa ta 1978 da ta damƙa filaye a hannun gwamna. In wani kamfanin Turai ya biya kuɗin kabon don ya ci gaba da turnuƙa hayaƙinsa, aljihun wa za su shiga? Malamanmu na tsangayar aikin gona, kafin ku sa hannu a kowace takarda, ku je Birnin Gwari ku karanta wa mai gonar ita da Hausa, ku nuna masa layin da sunansa yake.