Shin tsuntsayen daji ne ke sa mana cutar gudawa, ko mu ne ke sa musu?

Tun watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko da aka ga wannan nau'in murar a nahiyar Afirka, masu kiwon kaji ke yi wa tsuntsayen daji kallon zargi. Da an ga kaji sun fara faɗuwa, sai a ɗaga kai sama a ce baƙin tsuntsaye ne suka kawo.

A kan murar tsuntsaye, zargin yana da tushe. Amma akwai wasu ƙwayoyin cutar da ba a cika maganarsu ba, alhali sun fi mura yawan kwantar da mutane. Su ne bakteriyar da ke shiga cikin mutum ta abinci, musamman Kamfilobakta da Salmonela. A kansu, binciken da aka shafe sama da shekara 20 ana yi ya nuna cewa laifin ya fi kusa da gida.

Girman matsalar

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, kuma 420,000 ke mutuwa. Afirka ce ta fi jin jiki, da kimanin mutum miliyan 91 da ke kamuwa da kuma 137,000 da ke rasa rai.

Kamfilobakta na cikin manyan masu jawo gudawa a duniya. Tana zaune a hanjin kaza ba tare da kazar ta nuna alamar ciwo ba. Sai a wurin yanka da figa kashin ya taɓa naman. Wanda ya kamu yakan yi fama da zawo, wani lokaci da jini, da zazzaɓi da murɗawar ciki. A wasu 'yan kaɗan, cutar kan bar shanyewar jiki bayan gudawar ta wuce.

Abin da wani masani ya gano

Farfesa Jonas Waldenström na Jami'ar Linnaeus da ke birnin Kalmar a ƙasar Suwidin na cikin waɗanda suka daɗe suna bin diddigin wannan ƙwayar cuta a jikin tsuntsaye. Ba baƙo ba ne a Najeriya: a farkon aikinsa ya yi nazari kan ƙananan tsuntsayen Turai da ke ƙetare Sahara su sauka a yankin Tafkin Chadi.

A 2002, shi da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin tsuntsaye 1,794 da aka kama a kudancin Suwidin a kan hanyarsu ta ƙaura. Kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da Kamfilobakta. Sai dai ba kowane tsuntsu ba. Masu kiwo a bakin ruwa da masu cin duk abin da suka samu ne suka fi ɗauka, yayin da masu cin tsaba da masu kama ƙwari a kan bishiya da wuya a same ta a jikinsu.

Da labarin ya tsaya nan, da an ce an kama ɓarawo. Amma a 2010 suka yi wani gwajin: suka ɗura wa wasu ƙananan tsuntsaye ƙwayar da aka samo daga wani tsuntsun daji, wasu kuma aka ɗura musu wadda aka samo daga jikin mutum marar lafiya. Ta tsuntsun ta zauna a hanjinsu na 'yan kwanaki, ta mutum kuwa ta kasa kamawa.

A 2013 wani binciken da ya sa hannu a ciki ya kwatanta ƙwayoyin da aka samo daga tsuntsayen Suwidin da Birtaniya da Ostireliya. Ya nuna cewa kowane jinsin tsuntsu na da nasa nau'in Kamfilobakta, ko da kuwa teku ya raba su, kuma galibin nau'o'in sun bambanta da waɗanda ake samu a kajin gona da marasa lafiya.

Wannan ba ya nufin an wanke tsuntsayen daji tas. A 2008 mutane da dama sun kwanta a jihar Alaska ta Amurka bayan cin ɗanyen wake da tsuntsaye suka yi wa kashi a gona. Amma irin wannan jefi-jefi ne.

To ina cutar ke fitowa?

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta a 2010 cewa kashi 50 zuwa 80 cikin 100 na masu kamuwa da Kamfilobakta a can, asalin cutarsu daga kaji ne. Ƙasar Beljiyam ta ga hujja da idonta a 1999: da aka janye kaji da ƙwai daga kasuwa saboda wata guba da ta shiga abincin dabbobi, masu kamuwa da cutar sun ragu da kusan kashi 40.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar da hankali. Wani bincike da masana a Jami'ar Oxford suka jagoranta a 2024, kan samfuri 700 daga jinsin tsuntsaye 30 a ƙasashe takwas, ya gano cewa tsuntsayen da ke rayuwa kusa da mutane, irin su hankaka da agwagwar ruwa, sun fi na can cikin daji ɗaukar ƙwayoyin da ba sa jin magani. Ma'ana, tsuntsun ba ya zuwa da su daga sama. A bolarmu da kwatarmu yake kwasa, sannan ya yi gaba da su.

Abin da ya shafe mu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu fige kaji a kasuwa ya san yadda abin yake: tukunya ɗaya ta ruwan zafi, kaji bila adadin, wuƙa ɗaya, tebur ɗaya. Kayan ciki da gashi a zube a gefe, hankaki da balbelu na jira. A gonaki da yawa kuma, ana zuba wa kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha tun suna 'yan tsaki, ba tare da likitan dabbobi ya gani ba, wani ma yakan kai su kasuwa kafin maganin ya fita daga jikinsu. Kashin kajin kuma ɗanye ake kai shi fadama a matsayin taki, inda ake noman latas da kabeji da ake ci ba dafawa.

Suwidin ta haramta bai wa dabbobi irin waɗannan magunguna don su yi saurin girma tun 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006. Mu kuwa, binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa Afirka ta Yamma ce ke kan gaba a duniya wajen yawan mace-macen da ƙwayoyin da ba sa jin magani ke jawowa, idan aka auna da yawan jama'a.

Gyaran ba ya buƙatar a kori tsuntsu ko ɗaya. Mai gona ya sa raga a ɗakin kaji, ya rufe abinci da ruwansu, ya daina ba da magani sai da izinin likita. Hukumomin kasuwa su samar da ruwa mai gudana da wurin binne sharar yanka. Taki a bar shi ya ruɓe kafin a kai gona.

A gida kuwa, a ware wuƙa da faranti na ɗanyen nama, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, a dafa kaza har cikin ƙashi ya daina nuna ja. A kuma hana yara masu rarrafe wasa inda kajin gida ke kashi, domin a kansu gudawar ta fi yin ɓarna.