Lafiyar Uwargida: Idan murya ta dushe bayan aikin maƙoƙo

Kwanakin baya wata baiwar Allah daga wani ƙauye kusa da Isa ta zo wurinmu, wata huɗu bayan an cire mata maƙoƙo. Muryarta ta koma kamar raɗa, ko yaronta ba ta iya kira daga tsakar gida. Ta sha citta da zuma har ta gaji, an kuma kai ta wurin wanzami ya yanke mata beli. Don Allah a daina wannan, beli ba ruwansa da murya.

A maƙogwaronki akwai tantani biyu da ke haɗuwa idan za ki yi magana ko haɗiya. Jijiyar da ke motsa su ta bayan maƙoƙo take bi, shi ya sa aiki kan taɓa ta. Idan ɗaya ya shanye sai a bar giɓi, iska ta riƙa zurarewa. Ni ba dushewar ce ta fi tayar mini da hankali ba. Ƙwarewa ce. Matar nan duk kurɓar ruwa sai tari, kuma abin da ya bi ta giɓin nan huhu yake sauka.

Akwai magani. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro kan yi wa tantanin da ya shanye allurar wani abu mai kauri kamar ƙullun koko, ya kumbura shi har ɗan'uwansa ya riske shi. Dabarar ta daɗe, tun 1911 wani likitan Jamus, Brünings, ya fara ta da kakin farafin. Yanzu an fi amfani da sinadarin hayaluronik, wanda jiki ke shanyewa cikin 'yan watanni, ko kitsen jikin mai ciwon. Kada ki ce asarar kuɗi ce don yana narkewa. Jijiyar kan farfaɗo cikin wata 6 zuwa 12, allurar tana riƙe ki ne kafin nan. In ba ta farfaɗo ba, a yi aikin dindindin.

Na san hanyar Sabon Birni zuwa Sakkwato ba a shigarta da wasa yanzu. Duk da haka, murya ta yi mako 4 a dushe, ko kina ƙwarewa da ruwa, karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a leƙa maƙogwaron da na'ura. Ki tafi da takardun aikin da aka yi miki.